A riƙa koya wa maniyyata abin yi idan sun ɓata a Mina

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi kan wani darasi da ake tsallakewa a bita.

Ana koya wa maniyyaci ɗawafi da sa'ayi da jifa, amma ba a cika gaya masa cewa zai iya ɓata ba. Alhali ana ɓata sosai. Tantunan Mina farare ne, duk kama ɗaya. Hanyar zuwa Jamrat, wato wurin jifa, daban take da ta dawowa, askarawa kuma ba sa barin mutum ya juya ta inda ya fito, don haka gadar da ya sa alama da ita a tafiya ba zai gan ta a dawowa ba. Ga gajiyar Arfa, ga rashin barcin Muzdalifa, ga rana. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu.

A nan girman kai ke karyewa. Alhajin da a gida direba ke buɗe masa mota, sai ga shi cikin harami ya yi futu-futu, ƙafa ta yi bororo, waya ba caji, yana miƙa wa wani yaro ɗan Indonesiya katinsa yana magana da hannu. Yaron ya ba shi ruwa, ya riƙe hannunsa har bakin titi. Irin wannan alhajin ne washegari zai hango tsohuwa da yunifom ɗin Najeriya tana waige-waige, ya tsaya ya ce, "Hajiya, wace jiha?" ya kai ta har tantinsu. Waɗanda suka fi jigata kuwa su ne masu jin kunyar tambaya. Sai mutum ya yi ta bin ayari yana cewa ai ya gane hanya, har jiri ya kayar da shi.

Saboda haka a ware zama guda a bita don wannan. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa, ya zauna a wuya, ko banɗaki za a shiga. A rubuta lambar maktab, wato ofishin da ke kula da tantunan ayarin mutum a Mina, da sunan masauki da Larabci, da lambar wayar jami'in jiha a takarda, a sa a jakar ƙugu, domin waya takan mutu. A Masallacin Harami na Makka a haddace lambar ƙofar da aka shiga: ta Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79. Takalmi a sa a leda a riƙe, don wanda ya ajiye a ƙofa ya fita ta wata, a kan kwalta mai zafi zai taka.

Da zarar mutum ya ga ya ɓata, ya daina tafiya. Ya nemi inuwa, ya sha ruwa, ya nuna katinsa ga askari ko ɗan sikawut. Kalma uku ta ishe shi: maktab, moya wato ruwa, da fen wato ina. Tsofaffi kuma a haɗa kowanne da mai sauran ƙarfi tun daga sansanin alhazai, a rubuta sunayensu tare.

Daga wasu malaman bita, Kano.