Kan jirgin Indiya ba zai kawo mana tumatur Mile 12 ba

Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Rabin lokacin kuka ƙare kuna koɗa kan jirgin dakon kayan nan na Indiya, WAG-12, mai ƙarfin doki 12,000, wanda kamfanin Alstom ke haɗawa a Madhepura. Babu wanda ya ce ƙarya kuka yi, yana jan tan 6,000. Amma da baƙonku ya buɗe baki ya ce Najeriya ta sayo irinsa, me ya hana mai gabatarwa ta tambaye shi a ina za a jona shi?

Irin wannan kan jirgi daga wayar da aka shimfiɗa a saman layin dogo yake shan wuta. Indiya sai da ta ja waya a kusan duk manyan layukanta. Mu tsohon layin Legas zuwa Kano, wanda aka haɗe tun 1912, ko taku ɗaya na waya babu a kansa, ga shi siriri. Sabon da aka buɗe a 2021 kuwa a Ibadan ya tsaya, shi ma da dizal ake jan sa. Na san za ku ce ai ga Blue Line, jirgin cikin garin Legas mai lantarki. Kilomita 13 ne daga Marina zuwa Mile 2, mutane yake ɗauka, ko buhun albasa ɗaya ba ya kawo mana.

Ni tumatur nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ku zo da asuba ku ga tirelar da ta taso daga Kadawa. Tun kafin a kwance igiya ruwa ke ɗiga ta ƙasan bodi, 'yan dako suna sauke kwando hannayensu jajur, na ƙasa duk ya zama miya, ƙuda ya rufe shi. Direba ya miƙo maka lissafin abin da aka karɓa a shingaye, ga kuɗin mota da ya ninka tun da dizal ya yi tsada. Manomi a gida yana kira yana tambayar kuɗinsa, ka rasa bakin yi masa bayani. Ana ta kai wa ke ta kaya? A ba mu ko tsohon kai mai hayaƙi da taragai masu shan iska, ya taso daga Kano a kan lokaci, wallahi mun gode. A 2016 ai an ɗauko shanu a jirgi daga Gusau har Oko-Oba a Legas, da dizal ɗin nan da baƙonku ke rainawa. A cikin baƙin naku babu ɗan kasuwa ko ɗaya, duk masu Turanci ne.

Sannan don Allah ku duba lambar wayar da kuke bayarwa. Kullum sai ku ce layi a buɗe yake, mu kira ta yi ta ƙara ba a ɗauka, ƙarshe a karanto saƙon mutanen nan da muka riga muka haddace sunayensu.

Mai sauraronku,
Kasuwar Mile 12, Legas