Da takarda ɗaya aka yanke wa ƙanena hukuncin kisa

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in faɗi abin da ke cin raina. An yanke wa ƙanena hukuncin kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Penal Code, wato dokar hukunta masu laifi, bisa zargin kashe wani makiyayi a bakin gonarmu. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa, ba a kawo makami ba, likitan da ya duba gawa bai zo kotu ba. Abin da aka riƙe kawai takardar amsa laifi ce, da Turanci, da dangwalen yatsansa a ƙasa. Yaron da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko!

Lauyanmu ya ce sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi ba tare da wani kokwanto ba, kuma kwana 90 muke da su mu ɗaukaka ƙara. Mun shigar a kwana na 71, bayan na sayar da bijimai biyu, don harhaɗa takardun shari'a ma da kuɗinsa.

Ban raina jinin mamaci ba, shi ma ɗan wani ne, Allah ya jiƙansa. Roƙona Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba: wa ya fassara masa takardar nan kafin ya dangwala? Inna tana ta tambayata ranar zama.

Naka,
Wani manomi daga Funtuwa