Godiya ga shagon salula na bakin Kasuwar Dole da ya haɗa mini eSIM kafin tafiya Umra

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai shagon sayar da salula da gyaranta a bakin Kasuwar Dole, da yaran da ke aiki ƙarƙashinsa, musamman saurayin nan da ke zama a teburin ciki.

Alhaji, zan zo har shago in yi maka godiya baki da baki in sha Allahu. Amma idan na tsaya nan, ni da kai kaɗai za mu sani, alhali mutanen Damagaram masu fita waje ba kaɗan ba ne: masu Umra da Hajji, ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin da Turkiyya, ɗalibai, da masu kai marasa lafiya asibitocin ƙetare. Dukkanmu wahalar layin waya ɗaya muke sha. Ban sa sunan shagon ba don ban nemi izininka ba, amma wanda ya saba ratsa wurin ya san inda nake nufi.

A tafiyata ta baya zuwa Saudiyya na sha wuyar da har yau ban manta ba. Kiredin da na zuba a layina na gida, wanda nan zai kai ni ƙarshen wata, romin, wato amfani da layin gida a ƙasar waje, ya lashe shi tun kafin in gama gaisawa da iyali, kuma babu wanda ya gaya mini farashin tun daga gida. Dole na shiga layin sayen sim na can, ga gajiyar jirgi, ga harami a jiki, a karɓi fasfo, a ɗauki hoton yatsa, a ce jira. Da na samu, sabuwar lamba ce da babu wanda ya sani a gida. Nawa sim ɗin kuwa na naɗe shi a takarda na cusa a jaka, kullum ina lalube ko yana nan. A bana kuwa da na tashi tafiya Umra, da mahaifiyata Hajiya zan tafi, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ba zan ajiye ta kan kujera a filin jirgin Jidda cikin dubban mutane in tafi bin layi ba. Ga shi yanzu ko shiga Rauda a Madina sai da izinin da ake nema ta manhajar Nusuk, ita kuwa sai da intanet.

Wani ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai ne ya ce in nemi a sa mini eSIM, wato layin da ake saukewa cikin salula ba tare da katin sim ba, tun ina gida. Na fita nema, kuma a nan na ga halin wasu masu shago. Wani ko ɗago kai bai yi ba ya ce ba a yin wannan a Nijar. Wani bai ko taɓa salulata ba ya yanke hukunci cewa ba za ta ɗauka ba, hannunsa har ya kai kan kwalin sabuwa yana faɗa mini kuɗinta. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya yanka mini kuɗi mai yawa, ya ce in bar wayar in dawo gobe. Da na tambaye shi me zai yi mata, sai ya ce ko ya yi bayani ba zan gane ba. Da furfurata ya faɗa mini haka, a gaban yaransa. Na fito raina a ɓace, na ce a bar zancen, wahalar da na sha a baya zan sake sha.

Ran Alhamis na shigo shagonka sayen caja kawai. Ranar kasuwa ce, shagon cike, ba masaka tsinke. Na yi tambayar ne ba tare da sa rai ba. Sai yaron nan ya miƙe daga kujerarsa ya tura mini ita, ya ce, "Baba, zauna, kawo salular mu duba tukuna, kada mu yi magana da ka." Ya danna *#06#, lambobi suka fito, ya sa farce ya nuna mini wata doguwa mai alƙaluma 32 da aka rubuta EID a kanta. Ya ce duk wayar da ta nuna wannan tana da eSIM a cikinta, wato sim ne da aka gina tun daga masana'anta, ba a cire shi ba a sa shi, layin kamfani kawai ake sauke masa ta intanet. Wayar da aka ce mini ba za ta yi ba ke nan, Samsung ta hannu da na saya tuntuni. Bai tsaya nan ba, ya ciro sim na wani kamfani daga aljihun tebur ya gwada, don ya tabbata ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba, domin a cewarsa wasu wayoyin da ake kawowa daga Turai da Amurka a kulle suke zuwa, kuma kulalliya ba ta karɓar layin wani.

Abin da ya koya mini a zaman nan bari in juye wa masu karatu, don kada a sake yi wa wani abin da aka so yi mini. Wayoyin iPhone sun fara zuwa da eSIM daga XS da XR na 2018, manyan Samsung kuma daga S20 na 2020, ko da yake ba kowane samfuri ba. Galibin iPhone da aka yi don kasuwar Sin sim biyu na hannu suke ɗauka, babu eSIM, su kuwa na Amurka daga iPhone 14 ko ramin sa sim ba su da shi. Yawancin Tecno da Itel da Infinix da ke hannunmu ba su da shi. Ta Hajiya irin waɗannan ce. Na ce to ko in saya mata wata? Wallahi da wani ne da ciniki ya faɗa. Shi kuwa cewa ya yi, "A'a Baba, tunda tare za ku riƙa tafiya, sai ka raba mata intanet daga taka." Ya duba ya tabbatar forfen da za mu saya ya yarda da rabawa, ya nuna mini wurin da ake kunnawa.

Haka ma wajen zaɓen forfe. Ni babba na nuna, don tsoron kada mega ta yanke mini a ƙasar mutane. Ya tambaye ni me nake yi da waya. Na ce WhatsApp, taswira, sai Nusuk. Ya ce giga 10 na kwana 30 ya ishe ni har da ragowa, tunda masauki ma akwai Wi-Fi, idan kuma ya ƙare ana iya ƙarawa daga can. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta na ga farashin da dalar Amurka da idona, ya buga lissafinsa da sefa a gabana, sannan ya faɗi ladan shago daban. Wannan ladan halak ne, domin kamfanonin da ke sayar da irin wannan layi, su Airalo da Holafly da sauransu, da katin banki irin Visa ko Mastercard ake biyansu, mu kuwa da yawanmu ba mu da shi. Shagon ya biya da nasa katin, ni na ba da kuɗi hannu, aka ba ni rasit.

Sa layin kansa bai ɗauki lokaci ba, ya haɗa wayar da Wi-Fi na shago, ya haska wata alamar QR, shi ke nan. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Ya sa wa layukan biyu suna da Hausa, ɗaya "Gida", ɗaya "Tafiya". Ya juya bayan rasit ɗin ya rubuta mini da biro, da manyan baƙaƙe don ya ga ina matso da takarda kusa da ido: kada in goge layin Tafiya ko da wasa, domin alamar nan galibi sau ɗaya take aiki, sai jirgi ya sauka in kunna shi in buɗe masa romin, layin Gida kuwa in bar shi don saƙonni amma in rufe masa mega, kada ya ci kiredi. Ya ce wannan layi na intanet ne zalla, ba shi da lambar kira, WhatsApp ɗina kuma zai zauna kan lambata ta Nijar yadda yake. Sai ya miƙo mini wayar ya ce in yi da hannuna. Na yi, ya ce in sake, har sai da ya ga yatsana ya san hanya. Duk wannan mutane na tsaye suna jiransa, yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, bai nuna mini ƙosawa ko a fuska ba.

Da muka sauka Jidda na bi takardar, amma rezo bai hau nan take ba. Gabana ya faɗi. Na kama Wi-Fi na filin jirgi na aika masa saƙo, ina jin nauyi, don Saudiyya ta riga mu da awa 2 kuma ko asuba ba a yi a Damagaram ba. Kafin kayanmu su fito sai ga saƙon murya, da jin muryar daga barci ya tashi: "Baba, sannunku da sauka, ya jikin Hajiya? Kada ka damu. Shiga wurin zaɓen rezo, ka cire na kai tsaye, za ka ga STC da Mobily da Zain, ka gwada su ɗaya-ɗaya." Na gwada, ɗaya ya kama, saƙonnin gida suka fara shigowa. Tun daga nan har muka dawo ban sake neman kowa ba. Da shi na nuna izinin Rauda a ƙofa, da shi na gano masaukinmu a Makka ranar da tituna suka rikice mana bayan Isha'i, da shi Hajiya take jin muryar jikokinta kowane dare. Wasu daga cikin abokan tafiyarmu ma da wayata suka sanar da gida sun sauka lafiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki a wurina, alhali haka ya kamata a ce ana yi ko'ina. Kamfanonin shirya tafiya suna karɓar miliyoyin sefa a hannun maniyyata, amma minti 5 na bayanin yadda mutum zai yi magana da iyalinsa ya gagare su. Ka shiga wasu ofisoshi, ma'aikaci na latsa wayarsa kana tsaye, ka yi sallama a amsa maka da hanci. Tsoho ko baƙauye ya zo da tambaya kan abin zamani, maimakon a fahimtar da shi sai a ga an samu nama. Iyayenmu mata sun fi kowa shan wannan, a karɓe musu waya, a danna abin da ba su sani ba, a yanka kuɗi, su biya su tafi da godiya. Kuma masu yin haka su ne za ka ji suna kukan babu ciniki.

Alhaji, ina roƙonka ka riƙe yaron nan da kyau, ka kyautata masa, ka sa ya koya wa sauran. Ka kuma rubuta a allon ƙofa da Hausa cewa ana haɗa eSIM, domin ni da ba caja ta kawo ni ba da ban sani ba, ga Umrar azumi na tafe. Hajiya ta ce in gaya masa ta ambace shi cikin addu'a a Madina, kuma akwai dabinonsa da zamzam a wurina. Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya saka wa iyayen da suka yi masa tarbiyya da alheri.

Wassalam.
Abokin cinikinku daga unguwar Birni, Damagaram.