Kuɗin goron da baƙonku ya yi a shirin daren Laraba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Laraba maganar nan take ci mini rai, sai yau na ce bari in ɗauki biro ko na huta. Baƙon da kuka kawo mana, wanda aka ce masanin siyasar duniya ne, ya faɗa da bakinsa cewa Yahudawa ne ke riƙe da manyan jami'o'in Amurka, kuma wai su da gwamnatin Trump bakinsu ɗaya wajen murƙushe ɗaliban da suka fito saboda Gaza. Sau uku ya maimaita, ina zaune a tsakar gida ina ƙirgawa. Shi kuma mai gabatar da shirin babu abin da ya iya cewa sai "haka ne, Dakta". Ni ba Dakta nake tuhuma ba, mutum yana iya zuwa da shaci-faɗinsa. Ku nake tuhuma, domin ku kuka miƙa masa makirufo, kuma babu wanda ya ce masa ya kawo ko suna ɗaya.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Na yi kuka da hawayena a kan yaran Gaza, na yi alƙunutu a masallacin unguwarmu, kuma har gobe ina nan a kan bakana game da abin da sojojin Isra'ila suka yi. Amma ina da ɗa a can. Na biyu a cikin 'ya'yana yana karatun digirin dakta a wata jami'a a gabashin Amurka, bincikensa a kan zazzaɓin cizon sauro ne. Saboda haka labarin da Dakta yake bayarwa kamar tatsuniya, ni a gidana ya kwana.

A watan azumin 2025, ranar 25 ga Maris, jami'an shige da fice sanye da kayan gida suka tare wata ɗaliba Baturkiya, Rumeysa Ozturk, a bakin titi tana hanyar zuwa buɗa-baki, suka yi awon gaba da ita. Kafin ita sun kama Mahmoud Khalil, ɗaya daga cikin jagororin zanga-zangar Gaza a jami'ar Columbia, ranar 8 ga watan. Daren da hoton bidiyon yarinyar ya bazu, uwar ɗan nawa ba ta runtsa ba. Awa biyar ce tsakaninmu da su, sai ta zauna a kan dardumar salla da waya a cinya tana jiran ya sha ruwa ta kira shi a WhatsApp. Duk abin da take faɗa masa bai wuce ya goge abin da ya taɓa rubutawa a Facebook ba, kuma kada ya fita shi kaɗai. To wa ya tsaya masa a wannan makon? Farfesar da ke duba aikinsa, wata dattijuwa Bayahudiya. Ita ta matsar da taron ɗakin bincike daga yamma zuwa safe saboda masu azumi. Ita ta rubuta masa lambar lauya a 'yar takarda ta ce ya sa a aljihu, kada ya dogara da waya kawai domin ana iya ƙwace ta. Da aka tsuke kuɗin binciken daga baya, ita ta yi ta faɗi-tashi har ta samo masa alawus daga wani asusu. Ina ganin takardar nan da idona, ya nuna mana ta kyamara, rubutunta kamar tafiyar kaza. Wannan matar ce Dakta ya haɗa da masu kama ɗalibai ya ɗaure su da igiya ɗaya.

Za ku ce wannan ai mutum ɗaya ce, alherin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Na yarda. To mu je ga shugabannin da ya ce suna cin tuwo ɗaya da gwamnati.

Ranar 11 ga Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta aika wa jami'ar Harvard wasiƙa da jerin sharuɗɗa. A ciki har da cewa a binciki ra'ayin malamai da ɗalibai, a tace ɗaliban ƙasashen waje tun wajen ɗauka, a riƙa kai rahoton waɗanda suka saɓa doka ga hukuma. Wa ya ce allambaran? Shugaban jami'ar, Alan Garber, likita kuma masanin tattalin arziki, Bayahude. Kwana uku bayan wasiƙar ya amsa cewa babu gwamnatin da ke da hurumin faɗa wa jami'a mai zaman kanta abin da za ta koyar, ko wanda za ta ɗauka karatu ko aiki, ko wace jam'iyya ce ke mulki. A ranar aka riƙe musu dala biliyan 2.2 na bincike. Ya maka gwamnati a kotu. A watan Mayu aka soke musu izinin ɗaukar ɗaliban waje, mutum kusan 6,800, ya sake komawa kotu aka dakatar da umarnin. A farkon Satumba alƙaliya Allison Burroughs ta yanke cewa riƙe kuɗin ya saɓa doka, kuma ta nuna cewa batun ƙyamar Yahudawa da gwamnati ta kafa hujja da shi fakewa ce da guzuma a harbi karsana. Idan wannan ne baki ɗaya, to ban san me ake kira faɗa ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Sally Kornbluth, shugabar jami'ar MIT, ita ma Bayahudiya, tana cikin mata uku shugabannin jami'o'i da aka titsiye kan batun ƙyamar Yahudawa a gaban kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ranar 5 ga Disambar 2023. Sauran biyun, Liz Magill ta jami'ar Pennsylvania da Claudine Gay ta Harvard, kujerunsu sun tafi cikin wata ɗaya, ita ta tsira. A Oktoban 2025, da gwamnati ta miƙa wa jami'o'i tara wata yarjejeniya ta a ba ku fifikon kuɗi ku bi tsarinmu, ita ce ta fara cewa ba ta so. Michael Roth, shugaban jami'ar Wesleyan, shi ma Bayahude, ya rubuta a jarida ƙarara cewa ana amfani da sunan kare Yahudawa ne don a danne jami'o'i. Christopher Eisgruber, shugaban jami'ar Princeton, wanda sai da ya girma ya gano cewa mahaifiyarsa Bayahudiya ce, ya ce rabon da jami'o'in Amurka su shiga irin wannan barazana tun farautar 'yan gurguzu ta shekarun 1950.

Ga wani abu da ya kamata Dakta ya tauna. Jami'ar da ta kira 'yan sanda suka kwashi ɗalibai sama da 100 daga sansanin zanga-zanga a Afrilun 2024 ita ce Columbia, kuma wadda ke shugabantarta a lokacin Minouche Shafik ce, haifaffiyar Iskandariyya ta ƙasar Masar. Columbiar nan ce aka soke wa dala miliyan 400, ta durƙusa, ta yarda ta biya dala miliyan 200 a Yulin 2025. Kuma tun a Nuwamban 2023, cikin ƙungiyoyin ɗalibai biyu da ta dakatar saboda zanga-zangar Falasɗinu, ɗaya ta ɗalibai Yahudawa ce. Shin sai mu ce Misirawa ne ke murƙushe ɗalibai? Ai kowa zai ce wannan wauta ce. To me ya sa idan an juya ta ɗaya gefen sai ta zama sharhi?

Ban ce Garber waliyyi ba ne, kada wani ya rubuto muku ya ce na zama kakakin Harvard. A ƙarƙashinsa ne aka hana ɗalibai 13 karɓar digirinsu ranar bikin yaye ɗalibai na 2024 saboda zaman dirshan na Gaza. A ƙarƙashinsa ne aka sauke shugabannin cibiyar nazarin Gabas ta Tsakiya. Waɗannan abubuwa sun ɓata mini rai, kuma da Dakta su ya kawo, da sunaye da ranaku, da ni zan fara tafa masa. Akwai kuma attajirai da ƙungiyoyin Yahudawa da suka goyi bayan matsin lambar, ba a ɓoye suke ba. Mutanen nan sun rabu gida-gida kamar yadda muke rabuwa a kan kowace magana. Ko a makarantar allo an biya mana a Suratu Ali Imrana cewa Ma'abota Littafi ba duka suke ɗaya ba.

Wataƙila abin da ya sa ya fi yi mini ciwo shi ne na yi shekara 31 ina riƙe da alli a jami'a. Na san yadda ake ji idan mai riƙe da lalita ya ce ko ka bi ko ka kwana da yunwa. A yajin aikin wata takwas na 2022 sai da na sayar da motata, na koma hawa Keke Napep ina haɗuwa da ɗalibaina a ciki muna kallon juna. Shi ya sa idan na ga shugaban jami'a ya dubi gwamnati ya ce a'a alhali biliyoyi na kan layi, ba na fara tambayar addininsa.

Har da tarihin ma Dakta ya tsallake. A 1922 shugaban Harvard na lokacin, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa kada su wuce kashi 15 cikin 100. Yarjejeniyar da Kornbluth ta ƙi sa wa hannu ita ma kashi 15 ta yanka, amma wannan karon ga ɗaliban waje masu digirin farko, wato irin 'ya'yanmu. Minti biyu sun isa a faɗi wannan a rediyo, amma aka ɓata su wajen gaishe-gaishe da kirarin baƙo.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku dawo da Dakta, ku ajiye masa sunayen nan a gabansa, mai gabatarwa ya tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Idan ba zai zo ba, ku karanta wasiƙar nan a shirin, kada a gutsure ta. Direbobi da masu shayi da matan aure da ke sauraronku sun ɗauki maganarku tamkar yankan wuƙa. Washegari a majalisarmu wani dattijo ya ce mini in yi maza in dawo da yarona kafin Yahudawa su cinye shi, kuma ya ce a gidanku ya ji.

Sai kuma batun layin wayarku. Sau 14 na kira a daren, yana nan a wayata, kullum sai a ce layin na aiki, amma mutum huɗun nan da muka haddace muryoyinsu su suka shiga kamar kowane mako, ɗayansu ma gaisuwa kawai ya miƙa wa surukansa. Kuma wanda ya mayar da maimaicin shirin daidai lokacin sallar Isha'i, don Allah a tambaye shi ko da wa ya yi shawara.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro,
wani malamin jami'a mai ritaya, daga Zariya.