Godiya ga ma'aikatan sashen tarihi na laburaren Rosenberg

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan sashen tarihin Teksas na laburaren Rosenberg da ke Galbeston, Amurka, gaisuwa da fatan alheri.

Duk mai neman tarihin farko na Gasar Teksas ta wasan besbol, wato wasan buga ƙwallo da sanda, ya san irin wahalar da ake sha. Gasa ce ta ƙananan ƙungiyoyi, ba wanda ya damu ya adana mata takardu. John McCloskey ne ya kafa ta a 1888 da ƙungiyoyi shida: Ostin, Dalas, Fort Worth, Galbeston, Hiyuston da San Antoniyo. Tun a shekarar farko ƙungiyoyi suka fara zubewa, don garuruwan na da nisa, kuɗin jirgin ƙasa da na masauki sun fi abin da ake samu a ƙofa. Haka aka yi ta tashi ana faɗuwa, a 1898 ma yaƙin Amurka da Sifaniya ya katse kakar, sai a 1902 gasar ta tsaya da ƙafafunta. Ƙungiyar da ta mutu a tsakiyar kaka kuwa, littafinta na lissafi ya bi ta. Abin da ya rage shi ne jaridu.

Mun buga ƙofofi da dama kafin taku. Wani wurin a ce ka cika fom ka jira, shiru kamar an shuka dusa. Wani wurin a miƙo maka littafi guda na zamani a ce komai na ciki, alhali shi kansa kwafo kurakuran na gabansa ya yi. Shi ya sa muka yi mamaki da wata dattijuwa ma'aikaciyarku ta ja kujera ta tambaya: wace shekara, wane wata, wane gari?

Baiwar Allah nan ta san aikinta. Ta ɗora naɗin fim mai ɗauke da hotunan shafukan jaridar Galveston Daily News a na'ura, ta nuna yadda ake juya madubin idan shafi ya fito a kwance, da yadda ake ƙara haske a kan ƙananan lambobin jadawalin wasa, inda 3 da 8 suke rikiɗewa idan tawada ta malale. Ta ce kada a yarda da sakamako sai an gan shi a jaridar garuruwan ƙungiyoyi biyun da suka kara, a kuma duba fitowar kwana biyu bayan wasa, don ta wayar tangaraho labari yake zuwa, gyara kan biyo baya. A tara makin kowane ɗan wasa da hannu a gwada da jimillar ƙasa. Idan ba su yi daidai ba, akwai kuskuren ɗab'i. Sunan mahaifi kaɗai ake bugawa, kuma yau a rubuta shi haka gobe haka, don haka sai an haɗa da gurbin da mutum yake tsayawa a fili kafin a ce shi ne.

Da aka zo kan wasan 15 ga Yuni 1902 ne amfanin wannan ya fito sarai. Ranar ƙungiyar garin Korsikana ta lallasa ta Teksarkana da ci 51 da 3, ɗan wasanta Jay Clarke ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 8. Mai karanta lambar kawai zai ɗauka ƙarya ce. Amma Lahadi ce, dokar gari ta hana wasa a Korsikana, aka kai shi Ennis, filin da katangarsa ke kusa ƙwarai. Dattijuwar ta kuma tuna mana cewa daga 1903 zuwa 1906 garuruwan kudu, har da Galbeston, gasarsu daban suke yi, sai 1907 aka haɗe. Wanda bai san haka ba, zai ɓata mako yana neman Galbeston a jadawalin da ba ta ciki.

Abin da ke ci mana rai shi ne yadda irin wannan taimako ya zama abin mamaki. Wurare da yawa sun mayar da tsofaffin jaridu kaya a sito, fim ya karce ba a sake shi, na'ura ta lalace shekara guda ba gyara, mai tambaya kuma a ɗauke shi mai damun mutane. Muna roƙon ku isar da godiyarmu ga dattijuwar nan da hannunku. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara mata lafiya.