Aikin barman sana'a ce ta awo, a daina ba wa wanda bai koya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan wata sana'a da matasa ke ta shiga a Yamai ba tare da kowa ya koya musu ba, wato aikin mai haɗa abin sha a otel, gidan abinci da zauren biki, wanda aka fi sani da barman. Tun daga lokacin da aka buɗe manyan otel-otel irin su Radisson Blu da Noom gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, ƙananan wuraren cin abinci ma suka shiga gasa, kowa na son ya ga yana da kantar abin sha. Sai dai mai wuri zai kashe kuɗi kan firiji da kujeru, sannan ya ɗauko ɗan ƙaninsa da ke zaman banza ya tsayar da shi a bayan kanta, a ganinsa ai buɗe kwalba ne kawai. Daga nan asara take farawa.

Mun san da an ce barman, giya ce ke fara zuwa wa mutane a rai. Akwai wuraren da ake sayar da ita, hukuncinta a Musulunci kuwa ba ɓoyayye ba ne. Amma kantoci da yawa a garin nan bisap, wato zoɓo, suke sayarwa, da citta, da tsamiya, da lemun kwalba, da kofi, da haɗin ƴaƴan itace, kuma ƙwarewar da ake bukata iri ɗaya ce.

Abu na farko shi ne awo. Ɗauki kwalbar siro, wato ruwan zaƙi mai kauri da ake tsarma abin sha da shi, mai santilita 70. Idan ana zuba santilita 2 a kowane kofi, za ta fitar da kofi 35. Idan yaro yana zubawa da ido, hannunsa ya zarce zuwa santilita 3, kofi 23 kawai za a samu. Kofi 12 sun tafi a kwalba ɗaya, ba wanda ya sata, ba wanda ya zubar. Ga kuma mai saye da ya sha yau ya ji daidai, gobe ya dawo ya tarar da zaƙi har ya yi masa yawa. Saboda haka ƙaramin ma'auni na ƙarfe, mai baki biyu, kada ya bar hannun barman ko da ya shekara goma a aikin. Kuma kowane haɗi a rubuta shi a takarda a manna a bango, domin mai aikin safe da mai aikin dare su fitar da ɗanɗano ɗaya.

Sukari ba ya saurin narkewa a cikin ruwan sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi. Shi ya sa ake dafa ruwan sukari tun da safe: kilo 1 na sukari a lita 1 ta ruwan zafi, a juya har ya narke, a sauke kafin ya daɗe yana tafasa. Zai ba da wajen lita ɗaya da rabi da ɗan ɗori. A bar shi ya huce, a zuba a kwalba mai tsabta, a rubuta ranar a jikinta, a sa a firiji. Lemun tsami kuwa ba a matse shi don gobe. Bayan wasu awoyi ruwansa yana soma ɗaci, musamman idan an matse shi da ƙarfi har man ɓawon ya shiga. Wanda zai haɗa lemun tsami da na'a-na'a ya sa santilita 2 na ruwan lemu, 2 na ruwan sukari, ganye takwas, ya ɗan danna ganyen da bayan cokali don ƙamshi ya fito. Idan ya daka shi ya yi laga-laga, ɗaci ne zai biyo baya. Sai ya cika kofin da ƙanƙara, ya zuba ruwa mai gas a ƙarshe, ya juya sau ɗaya. Abin da ke da gas ba a girgiza shi a cikin gwangwanin haɗi: murfin zai tashi, rigar mai saye ce za ta sha. Wanda ba shi da gas a girgiza shi da ƙanƙara na daƙiƙa 10 zuwa 15. In ya wuce haka ƙanƙara ta narke, abin sha ya zama salam.

Namu na gida ma suna da ƙa'ida, kuma a nan ne aka fi sakaci, don kowa na ganin ya iya. Bisap: giram 100 na busasshen fure ya isa lita 2 na ruwa. A wanke shi sosai saboda yashi, a zuba a ruwan da ya tafasa, a sauke, a rufe minti 20 zuwa 30, a tace da ƙyalle. Tsawaita tafasa yana dusashe jan launinsa, tukunyar alminiyom kuma tana sa masa ɗanɗanon ƙarfe saboda tsaminsa. Citta ɗanya, giram 250 ta isa lita 2. A markaɗa, a tace sau biyu, a riƙa kaɗawa kafin a zuba domin garinta yana kwanciya a ƙasa, kofin farko ya fito ruwa, na ƙarshe ya fito wuta. Tsamiya a jiƙa ta awa ɗaya a ruwan ɗumi, ba a dafa ta. Duk waɗannan ba su da maganin hana lalacewa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, bokitin bisap mai sukari da aka bari a waje tun hantsi zai iya soma kumfa kafin dare. Barman na ƙwarai yana ɗanɗana kayansa da cokali mai tsabta kafin ya buɗe kanta, kuma ba ya haɗa na jiya da na yau don ya rufe asara.

Sai ƙanƙara, wadda mutane ba su ɗauke ta abinci ba, alhali cikin mutum take shiga. Ƙanƙara iri biyu ce kuma ba sa haɗuwa: babban dunƙulen da ake saye a kasuwa, wanda aka ja a ƙasa aka ɗora a kan amalanke, aikinsa sanyaya kwalabe ne kawai; wadda za ta shiga kofi kuwa dole a yi ta da ruwan sha, a ajiye ta a rufe, a ɗebe ta da ludayinta. Ba a ɗibarta da hannu, ba a kuma ɗibarta da kofin gilashi. Bakin kofi yana ɓantarewa, gilashi a cikin ƙanƙara kuwa ido ba ya ganinsa. Idan kofi ya fashe kusa da akwatin, a zubar da ƙanƙarar gaba ɗaya, a wanke akwatin da ruwan zafi, ko da wurin cike yake da baƙi. Mai wurin da ya yi wa yaro faɗa don ya zubar da ita bai san abin da aka tsare masa ba.

Wankin kofuna da roba uku ake yinsa: ta sabulu, ta ɗauraya, da ta ruwan jabel gwargwadon awon da ke jikin kwalbar. A kife su su bushe da kansu. Tsumma ɗaya da ya goge tebur ya goge hannu ba ya shiga kofi.

Firiji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka. Sabon kaya baya, tsoho gaba. Idan wuta ta ɗauke, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa wajen awa huɗu, don haka a fitar da kwalaben da za a bukata a zuba su cikin ƙanƙara a bar ƙofar a rufe. Kuma a kiyayi cusa lemun kwalba a daskarewa don ya yi saurin sanyi. In aka manta da shi, sai ya fashe.

Lissafi ne ke raba barman da mai gidansa, kuma yawanci ba sata ba ce, rashin rubutu ne. A ƙirga kaya lokacin karɓar aiki, a ƙara abin da aka shigo da shi, a cire abin da ya rage lokacin tashi: abin da ya fito dole ya yi daidai da kuɗin akwati da wanda aka biya ta waya. Kwalaben da aka shanye ma dukiya ce, tunda da su ake karɓo sabon kaya. Abin da ya fashe, abin da mai wuri ya ba abokinsa kyauta, duk a rubuta nan take a sa hannu. Wanda aka ba jika biyar ya faɗi kuɗin da baki, ya ajiye takardar a gefe har ya gama ba da canji, sannan ya sa ta a akwati. Wannan kaɗai yana kashe rigimar "jika goma na ba ka".

Game da mutane, a Yamai mai kanta yana bukatar gaisuwa da lissafi cikin Hausa, Zabarmanci da Faransanci. Ya ɗaga kai ya gaida wanda ya iso ko da hannunsa na kan aiki, ya riƙe a ransa wanda ya riga wani zuwa, don babu abin da ke ɓata wa mai saye rai kamar a tsallake shi saboda wani ya zo da babbar riga. Ya tambaya kafin ya zuba sukari, masu ciwon sukari suna da yawa kuma ba kowa ke faɗa ba. Abin da ya ji a bakin kanta ya tsaya a nan. A inda ake sayar da barasa, wajibi ne ya hana yaro, ya kuma dakatar da wanda ya soma tangaɗi, cikin sanyin murya, ya ba shi ruwa, ya kira shugaban wurin kafin magana ta yi tsawo.

Kiranmu ga hukumar FAFPA, mai tallafa wa koyon sana'a, shi ne ta sa wannan aiki cikin gajerun horon da take ɗaukar nauyi. Masu wurare kuma su yi wa ma'aikatansu rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, su saya musu takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, domin mutum ne da zai yi awa takwas a tsaye a kan daɓe mai ruwa da fasasshen gilashi. Kafin a ɗauki sabon yaro a gwada shi: a ba shi ma'auni da kofuna uku ya haɗa abu ɗaya sau uku, a ɗanɗana, a ba shi lissafin tebur mai mutum biyar ya fitar da canji da ka, a duba farcensa. Idan ya kasa awo ko lissafi, a haɗa shi da wanda ya iya na wata ɗaya kafin a bar masa makullin kanta.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu tsofaffin ma'aikatan otel,
Yamai