Sallar farko babu ƙarar keken Baba

Manchester, daren Ƙaramar Sallah

Assalamu alaikum. Hajiya, barkanmu da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Yaya, Auta, Gwaggo da duk yaran gida, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Mun yi Idi a nan cikin sanyi da yayyafi, kowa da rigar sanyi a kan shaddarsa. Kaftanin nan ruwan toka na sa, wanda Baba ya ɗinka mini kafin in taso. Ɗinkin hannun hagu ya ɗan karkace, don a lokacin idonsa ya riga ya yi rauni, kuma ban yarda wani tela ya taɓa shi ba. Ana cikin kabbarori na kai hannu wurin, sai hawaye.

Jiya da daddare na kasa barci, ba don komai ba sai don shirun ɗakin. Tun tasowarmu ba mu san jajibirin Sallah babu ƙarar keke ba. Kun tuna yadda yake sallamar masu kaya tukuna, sai wajen ƙarfe biyun dare ya jawo yadinmu, ga fitilar ƙwai a gefe in an ɗauke wuta, ga dutsen guga na gawayi yana jira? Muna kwana da fargabar ba za a gama ba, da asuba mu tarar da kayan kowa a ninke a kan tabarma. Ko sau ɗaya bai bar mu mun je Idi da tsohon kaya ba.

Hajiya, ke kika sha gaya mana cewa a 1988 aka gano ciwon sugan Baba, shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ina goye a bayanki. Ƙishirwa ta hana shi sakat, fitsarin dare ba iyaka, ya rame har mutane suka fara cewa sammu ne. Daga nan ya rayu da ciwon shekara 36, har Allah ya karɓi abinsa yana da 83. Da farko ƙwayoyi yake sha, daga baya aka mayar da shi kan allurar insulin, shi ya sa yake cewa shi mai allura biyu ne, ɗaya yana ci da ita, ɗaya tana riƙe da shi.

Sai da na fara aiki a gidan kula da tsofaffi na gane nauyin abin da kuka ɗauka. A nan insulin yana cikin firji, wuta ba ta ɗaukewa, kuma mai ciwon suga da ke kan magani a Ingila ba ya biyan kuɗinsa. In muka gwada tsoho muka ga sugansa ya sauka ƙasa da 4, nan take za a ba shi abu mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15, a rubuta. Ke kuwa ba ki da na'urar gwajin suga sai a shekarun baya-bayan nan. Zufa kike gani a goshinsa, ko ki ji ƙafarsa ta sassauta a kan keke, sai ki taso da ƙwayar suga biyu ko dabino. Kwalbar allurar kuma a leda kike ƙulle ta, ki ajiye a gindin randa inda yashi yake da danshi, har a zafin watan Afrilu na Kano. Kowane dare ki haska tocila ki duba tsakanin yatsun ƙafarsa ko akwai rauni, don ciwon yana kashe jijiya, ƙaya ta soki mutum bai ji ba. A unguwarmu mun ga waɗanda aka yanke wa ƙafa. Baba da ƙafafunsa biyu aka kai shi makwancinsa, kuma bayan ikon Allah, wannan aikinki ne.

Shi ma ya riƙe kansa. Mutumin da yake son fura da zuma da tuwon shinkafa ya koma tuwon dawa, wake, acca da kwaɗon zogale, ba mu taɓa jin ya yi ƙorafi a kan akushi ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da likita ya hana shi azumi. Ya je ya tambayi malamai, suka karanta masa ayar ciyarwa ta cikin Baƙara, sannan hankalinsa ya kwanta. Duk da haka yana tashi sahur tare da mu, ya zauna yana miƙa wa yara ruwa. Da la'asar kuma shi da kansa yake auna hatsin ciyarwar.

Da idon ya ƙi, jikoki ne suka koma zura masa zare. Auta, ɗanki ne gwanin wannan, yana tsaye a jikin keke yana lasar bakin zaren, Baba yana sa masa albarka. Da aka cire tallafin mai a 2023 magani ya yi tsada, sai ya fara rage allurar a ɓoye don kada ya ɗora mana nauyi. Har yau abin yana ci mini rai, domin ina nan ina ganin maganin a firji, shi kuma a waya cewa yake, lafiya lau, ka kula da kanka.

Yaya, ina da roƙo. Wannan ciwo yana bin jini, kai ka haura 45, kuma na ji an ce kana yawan tashi da dare. Don Allah bayan Hawan Daushe ka je a gwada ka da safe kafin ka ci komai, ka tafi da Auta. Ni na yi nawa a watan jiya, lafiya ƙalau. Na'urar Baba tana cikin kwabar Hajiya, zan aiko da tsinkayen gwaji.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya. A raba wa yara barka da Sallah, a sayi buhun gero a kai gidajen nan uku da Baba yake kai wa, Hajiya ta san su. Keken kuma kada a sayar, a sa masa mai a lulluɓe shi, in na zo da damina zan so in ji ƙararsa.

In kun je ziyara maƙabarta ku sa ni a cikin addu'ar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon ya zame masa kaffara, ya haskaka kabarinsa. Hajiya, a ci gaba da sa mini albarka.

Naku,
ɗanku na Manchester